Ƙaramar bindiga don kwanan daji a Yellowstone, wacce zan saya?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, lokaci ya ƙure min. Ina zaune a Dalas ta jihar Teksas shekara tara ke nan. Yarana uku sun dame ni sai mun je Yellowstone, babban gandun dajin nan na Amurka, a watan Agusta, kwana uku a tanti, saboda abokan makarantarsu duk sun je su ba su je ba. Na riga na biya kuɗin wuri a zangon Madison tun cikin sanyi. Maganar gaskiya ni ba na son daji. A 2019 aka tare motar da baffana yake ciki a hanyar Birnin Gwari, kwana 41 ya yi a hannunsu, sai da muka sayar da gonar gado da shanun Inna kafin ya fito, kuma har ya rasu bai ƙara barci da fitila a kashe ba. Ni na riƙa karɓar wayarsu daga nan, ƙarfe uku na dare, ina tsaye a kicin don kada yara su ji. Tun lokacin in na ga bishiyoyi sun yi duhu gabana faɗuwa yake. Uwargida ta ce in dai babu abin kare kai ba za ta taka ba. Na shiga wani shago, mai shagon ya jera min guda huɗu a kan gilashi, Glock 19, Glock 20, da libarba biyu, yana ta zuba bayani har kaina ya ɗau zafi. Mu shida ne da ƙanin matata. Wacce ta fi? Kada a ce min in fasa tafiyar.

Kawu Soja: Wa alaikumus salam. Glock 20, harsashi 10mm, an gama magana. Tana cin 15, ba ta tsoron ruwa ba ta tsoron ƙura. Glock 19 ta gari ce, 9mm ai susa za ta yi wa beyar, ƙaton naman dajin can. Ka sayi harsashin dalma mai tauri wanda ke ratsa ƙashi, ba mai buɗewa kamar fure ba. Ka rataya ta a ƙirji, ba a ƙugu ba, don ɗamarar jakar baya za ta danne ta.

Maman Ikram: Baban Hanif, sannu da abin da ya faru, Allah Ya jiƙan baffa. Amma ba ka faɗa mana ba, ka taɓa harbi kuwa? Kuma mutum kake tsoro ko dabba? Mun je daga Denba bara. Ma'aikatan gandun feshin barkono na beyar suke cewa a riƙe, wajen dala 50 ne, har haya ake bayarwa a Canyon, wani wuri a cikin gandun. Abin da ya fi ba mu wahala abinci ne. Akwai akwatin ƙarfe a gefen tanti, komai mai ƙamshi ciki yake kwana. Kilishin maigida, man shanu, tukunyar da aka yi miya, man goge baki, har humrata sai da na cusa. Ƙaramar ta ɓoye alawa a ƙarƙashin matashi, ƙarfe ɗayan dare muna laluben ta da tocila.

Kawu Soja: Hajiya, barkono na miya ne. In iska ta juyo fa? Ke za ki sha shi, shi ya ci ki da yajinki.

Maman Ikram: Kawu, akwai binciken da aka fitar a 2008 kan Alaska, feshin ya tsayar da manyan beyar a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi. Dabbar da ke gudun kilomita 55 a awa, wanda bai saba ba yaushe zai zaro ya saita? Shi feshi gajimare yake yi, ba sai ka iya saiti ba.

Ɗan Damagaram: Ku kuna Teksas kuna zaɓe kamar tumatir a kasuwa. Mu nan Bronx ta New York na cike takardun neman lasisin bindiga, na kawo masu tsaya min, na biya kuɗi, na zauna aji, wata nawa ina jira shiru. Kuma sau biyu ana fasa min gilashin mota a ƙofar gida. Wanda ya fasa ɗin wa ya tambaye shi takarda? Ni dai na gaji da garin nan, haya kaɗai ta isa ta kashe mutum.

Baban Hanif: Amin, na gode Maman Ikram. Na taɓa harba ta gargajiya a ƙauye da sallah, ina ganin duk ɗaya ne. Batun feshi kuma, in mutum ne ya zo da makami turare zan fesa masa? Ku ba ku ji muryar mutanen nan a waya ba. Dabara ta ita ce in na kwanta ƙanin matata ya riƙe, mu yi karɓa-karɓa.

Malam Lauya: Tsaya nan. Ƙanin matar taka da wace takarda yake ƙasar? In bizar karatu ce ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallaka, kuma riƙewa ma mallaka ce. Akwai 'yan togaciya, kamar wanda ke da lasisin farauta mai aiki, amma kada ka jefa yaron mutane cikin abin da zai sa a kore shi da karatunsa a hannu. Kai ma ba ka faɗi taka ba. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, zai cike fom 4473 a duba tarihinsa. Kuma a Teksas za ka saya, shagon Wyoming, jihar da gandun yake, ba zai miƙa wa baƙo ƙaramar bindiga ya fita da ita ba. Tun Fabrairun 2010 an yarda a shiga gandun da bindiga bisa dokar jihar da kake ciki, amma ba a shiga da ita gine-ginen gwamnati irin ofishin baƙi, kuma harbi a cikin gandun laifi ne. In ka harba sai ka yi bayani.

Kawu Soja: Gara ka yi wa alƙali bayani da a yi wa iyalinka ta'aziyya. Na faɗa, 10mm. A mota za ka? In ta Kolorado za ka bi, iyakarsu harsashi 15 ne a gidan harsashi, Glock 20 ta tsaya daidai kan layi. Ka ga ko nan ta ci.

Abu Sumayya: Ni ban yarda da Kawu ba. Sabon hannu libarba ta fi masa, babu ja babu saƙalewa, ka danna kunama kawai. Ruger GP100, .357, guda shida. In shida ba su yi ba sha biyar ma ba za su yi ba.

Kawu Soja: Kunamarta nauyi gare ta, hannu na rawa zai harbi sama. In libarba ce to sai .44, ita kuma bugunta zai sa ya jefar. Shekara nawa ina wannan harka, ku riƙa ji.

Yaya Asabe: Ikon Allah. Mu nan Gusau muna roƙon Allah Ya raba mu da kwanan daji, ku kuna biyan dala ku je ku kwana. Jiya ma ƙauyen kakannina ba a runtsa ba. In kuɗin ya yi yawa ku aiko.

Maman Ikram: Ni abin da ke damuna yara uku a tanti ɗaya da bindiga mai harsashi. In ka kulle ta a akwati ba ta da amfani cikin dare, in ka bar ta a buɗe Hanif yana nan. Shekarunsu nawa ma? Kuma fa ɓauna ta fi kowace dabba raunata mutane a can, masu matsawa ɗaukar hoto. Dokar yadi 100 ne daga beyar da kyarkeci, 25 daga ɓauna. Wannan za ka koya wa yaran.

Baban Hanif: Yarana masu jin magana ne, ba irin na nan ba. Shi kuma yaron ɗalibi ne amma ai ba shi zai saya ba, a dajin wa zai gani? Malam Lauya kana tsananta abin. Don kada in ɓoye muku, jiya na ba da kafin alƙalami dala 200 a kan libarbar .357, ita ta zauna min a hannu. So nake dai in ji ko na yi daidai.

Kawu Soja: To me ka tara mu muna yi tun safe? Je ka karɓo kuɗinka.

Malam Lauya: Ban tsananta ba. Kada ya taɓa ta, ko a mota.

Abu Sumayya: Ka yi daidai. Amma ka je wurin koyon harbi ka ƙona akwati uku ko huɗu kafin Agusta, ta gargajiyar sallah ba ta ƙirguwa.

Baban Hanif: Ina aiki kwana shida a mako, yaushe zan je? Zan gani. Wata tambaya kuma, in muka fasa mota muka hau jirgi zuwa Bozeman, garin da ke kusa da gandun, fa?

Maman Ikram: Feshin ba ya hawa jirgi ko a cikin kaya, can za ka saya. In ka yarda za ka saya ɗin.

Ɗan Damagaram: Wai akwai wanda ya san mai gyaran gilashin mota mai sauƙi a Bronx?