Rasit ko rasidi: daga ina kalmar ta fito?

Alaramma: Ni dai na tsaya a kan cewa "rasidi" Larabci ne. Larabawa na da "rasid", kuma maganar kuɗi ce. Ai riba da asara ma daga can muka samo su.

Malamin harshe: Allah gafarta malam, kama da wane ba ta wane. Rasid a Larabci ragowar kuɗin da ke cikin asusu ne, takardar shaidar biya kuwa "isal" ko "wasl" suke ce mata. Tamu daga "receipt" na Ingilishi ta zo, su kuma sun aro ta daga tsohon Faransanci, tushenta "recipere" na Latin, wato karɓa. Turawa na rubuta p amma ba sa furta ta, mu kuma da kunne muka ɗauka, shi ya sa babu ita. Masu Suwahili ma "risiti" suke cewa.

Alaramma: To ina d ta fito? A siminti da minti ai t ba ta motsa ba.

Malamin harshe: Tambayar ta yi. A ra'ayina bakin da ya saba da Larabci ne ya karkatar da ita. Abin sha'awa, a Farisanci "rasid" na nufin "ya iso", kuma haka suke kiran rasit, har Urdu da Hindi suka ara.

Akanta: Malamai, ni damuwata yadda ake amfani da ita. Takardar da ke nuna kuɗin da ake bin ka ba rasit ba ce, sai an karɓi kuɗi ake yanka rasit. Ana cewa "yanka" ne saboda daga littafi ake ɓalle shi, kwafin ya zauna wurin mai karɓa. Dole ya ɗauki kwanan wata, lamba, sunan mai biya, abin da aka biya wa, sa hannu, da adadin kuɗin cikin alƙaluma da kalmomi. In alƙaluma ne kawai, sifili ɗaya ya isa ya mai da 500 ta koma 5,000. In biyan bai cika ba, a rubuta saura.

Hajiya mai shago: Alat fa? Yanzu shi mutane ke kira rasidi.

Akanta: Ranki ya daɗe, hoton da mai saye ya nuna miki ana iya ƙirƙirarsa, sai kin ga kuɗin a asusunki. Ko na gaskiyar bai faɗi kayan da aka saya ba. Rasit na inji kuma zafi da rana na goge rubutunsa, a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa.

Alaramma: Na sallama asalin, amma d ɗin nan tamu ce.