"Ƙaddara ta riga fata": rigaye ne ko tilas?

Bazazzagi: Jama'a, wannan karin maganar tana damuna. In ƙaddara ta riga fata, ina zaɓin mutum? Ga kuma gwajin da masanin ƙwaƙwalwa Benjamin Libet ya yi a 1983. Ya manna wayoyin auna lantarkin ƙwaƙwalwa a fatar kan mutane, ya ce su motsa hannu duk sa'ad da suka ga dama, suna kallon ɗigon haske mai zagaye agogo sau ɗaya cikin daƙiƙa 2.56. Ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, mutum kuwa bai ji niyyar ba sai da ya rage kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ashe ƙwaƙwalwa ma ta riga niyya.

Malamar falsafa: Ɗan'uwa, duba yadda aka samo wannan alamar ta shirin ƙwaƙwalwa. Ba ta fitowa sarai a gwaji ɗaya, sai an tara kamar 40 an fitar da matsakaicinsu, ana ƙirgawa baya daga lokacin motsi. Duk sanda lantarkin ya hau ya sauka ba a motsa ba, ba a lissafa shi. Shi ya sa wani masanin ƙwaƙwalwa, Aaron Schurger, a 2012 ya ce wataƙila hawa da saukar lantarki ne na kullum, motsi na zuwa in ya kai wani iyaka. Kuma motsa yatsa ba dalili daban, yanke shawarar biyan bashi daban.

Ɗalibin tauhidi: Malama ta yi gaskiya. "Riga" ba ta nufin "tilasta". A cikin mazhabobin aƙida, Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi, Mu'utazila suka ce shi ke ƙagar aikinsa, Ash'ari ya ce Allah ke halitta aiki, bawa yana kasabi, wato yana ɗaukar aikin ya zama nasa. Kowa ya san bambancin hannun da zazzaɓi ke kaɗawa da hannun da ka ɗaga da kanka.

Baba na Katsina: Ku lura, Bahaushe "fata" ya ce, bai ce "niyya" ba. Ana faɗarta bayan abu ya wuce: manomi ya yi shuka, ya yi noma, ruwa ya ɗauke. Ɓarawon da ya kawo ta gaban alƙali ya ɓata ta, domin malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba.

Bazazzagi: Na karɓi wannan, Baba. Saura guda. In niyya ba ta da nauyi, ba ta da faɗi, ta yaya take ɗaga hannu mai ƙashi da tsoka?

Malamar falsafa: Tambayar da Gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta yi wa masanin falsafa Descartes ke nan a wasiƙa a 1643. Shi yana ganin rai da jiki suna haɗuwa a wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Sai dai ƙullutun ma ɓangaren jiki ne, tambayarta tana nan inda ta bar ta.