Neman kalma: me za mu kira contention na fayil a manyan kwamfutocin IBM?

Jama'a ku kawo agaji. Mu nan Ringim akwai yaran da ke koyon z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin IBM, ta dandalin koyo na IBM Z Xplore, ina ɗan rubuta musu bayani da Hausa saboda Turancin IBM sai a hankali, to na zo kan contention na tsaya cak.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Aikin da aka tura wa kwamfuta in zai taɓa fayil sai ya fara neman izini da ENQ wajen wani sashe da ake kira GRS, in ya gama ya saki da DEQ. In a JCL, wato yaren da ake rubuta umarnin tura aiki da shi, ka rubuta DISP=SHR to kun yi tarayya da kowa, in kuma DISP=OLD ka sa, kai kaɗai ne, duk wanda ya zo bayanka sai ya jira. Sai ka ga aikin dare ya tsaya, saƙon IEF099I ya fito wai yana jiran fayil, alhali ba abin da ya lalace, wani ne kawai ya riƙe fayil ɗin a TSO, wato inda mutum ke shiga ya yi aiki da kwamfutar kai tsaye, ya tafi sallar isha'i bai fita ba. Wannan shi ne contention.

Wani ɗan uwa daga Gumel ya ce rububi. Ban yarda ba gaskiya, don rububi mai ƙarfi ke samu, shi kuwa GRS layi yake sawa, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Kamar injin niƙa ne, kwano bayan kwano, ko ke ce matar mai gari sai kin bi layi. Har ma in mai son riƙewa shi kaɗai yana jira, masu tarayya da suka zo bayansa su ma sai sun tsaya, duk da wanda ke riƙe da fayil ɗin tarayya yake yi. Wannan wurin yara ke yawan ruɗewa.

Malaminmu na Hausa ya ce kiki-kaka. Allah ya ƙara ilimi Malam, kalmar ta yi daɗi, amma ni da a bar wa deadlock ita, inda wannan ke jiran wancan, wancan ke jiran wannan, ba mai motsi. Contention kuwa da mai riƙon ya saki shi kenan.

Kulle ma na cire, na farko yaran dariya suka yi ta yi wai fayil ya shiga kullen aure, na biyu ENQ ba kwaɗo ba ne, yarjejeniya ce, manhajar da ba ta nemi ENQ ba GRS ba zai tare ta ba. Riƙo ya fi dacewa.

Don haka ni na tsaya kan tsaikon riƙo. Mai riƙo da mai jira, riƙon tarayya da riƙon kaɗaita. Ku gwada a jimla: an samu tsaikon riƙo, buga umarnin D GRS,C ka ga waye mai riƙo, in layin ya yi tsawo ka ƙara da D GRS,ANALYZE,BLOCKER ya nuna maka wanda ya tare kowa, sannan ka kira shi a waya ya saki kafin ka yi gaggawar kashe masa aiki.

Riƙon kaɗaita ne dai bai zauna min a baki ba har yanzu. Mutanen Haɗeja da Kazaure, ya kuke cewa abin da mutum ya riƙe ya hana kowa?