Wasan Offenbach: na 1858 ne ko na 1874?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta aikin makaranta kan Orphée aux enfers, wasan barkwanci na waƙa da Jacques Offenbach, mai tsara kiɗa, ya fara nunawa a gidan wasan Bouffes-Parisiens da ke Paris a watan Oktoban 1858, kashi biyu kacal. A 1874 ya faɗaɗa shi zuwa kashi huɗu a gidan wasan Gaîté, da ƙarin mawaƙa da 'yan rawa.

To, faifan da na samu ya ɗaure min kai. Kashi biyu ne, amma akwai waƙoƙin da nake zaton na 1874 ne aka cusa. Mako guda ke nan ina fama, malamina kuma ya kafe sai na faɗi wanne ne. Don Allah, ta yaya zan tantance?