Savane na Ali Farka Toure: ya kai na baya kuwa?

Telan Maraɗi:
Assalamu alaikum. Tun ina yaron shago nake jin Ali Farka Toure, mawaƙin nan na Mali mai kaɗa jita. Maigidana ne ke da kaset ɗin Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ba'amurken nan Ry Cooder. Mun ji shi har zaren ya tsinke, muka liƙe da jan farce muka ci gaba. Makon jiya yarona ya tura mini faifansa Savane a waya, wanda ya fito a 2006 bayan rasuwarsa. Kwana uku ina taka keke ina saurare, amma ya ƙi shiga raina. Molo ya danne jitar, muryar kuma ta yi nauyi. Kunnena ne ya tsufa, ko dai na baya ya fi?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka lafiya lau, wurin jin ne ba ka dace ba. Ina kai ina jin Savane cikin ƙarar keke? Talking Timbuktu a Los Angeles aka ɗauke shi, an gyare shi sumul don kunnen baƙi. Wannan kuwa a Bamako, otal ɗin Mande, ya tara masu molo irin su Bassekou Kouyate da Mama Sissoko. Ba danne shi suka yi ba, shi ya ba su fili. Nauyin muryar kuma, mutum ne yana fama da ciwon dajin ƙashi. Allah ya jiƙansa.

Hajiyar Yamai:
Baba, a gafarce ni, ni duka biyun ban sa su gaban Niafunke na 1999 ba. A garinsu Niafunke aka je aka same shi, da janareta, sai ya dawo daga gona ake ɗauka. Ƙwarya, tafi, da ɗan gogen nan nasa mai tsirkiya ɗaya. Mu da muke jin Zabarmanci muna tsintar abin da yake faɗa, nan ne ya fi sakin jiki.

Telan Maraɗi:
Baba, na bi shawara. Jiya bayan isha'i na rufe shago, na kunna a ƙofar gida. Gaskiya akwai abin da keke ke cinyewa, har maƙwabcina ya jawo tabarma. Amma na baya yana nan a matsayinsa tukuna. Hajiya, Niafunke ɗin fa, wa ke da shi ya turo mini?