Zakaran da Allah ya nufa da cara: bangaskiya ce ko ƙaddara?

Rifkatu, Kafanchan: Salama, 'yan'uwa. A taron zumuntar mata wata uwa ta ƙarfafa mai jinya da cewa, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Da aka tashi, wata ta ce wannan ba maganar mai bi ba ce, zancen ƙaddara ne kawai. Ku me kuka gani?

Baba Iliya, Wusasa: 'Yata, lura da kyau. Karin maganar ba ta ce babu muzuru ba, ba ta ce babu shaho ba. Suna nan, kuma da yunwarsu. Abin da ta ce shi ne ikonsu bai kai na Allah ba. Dubi Yusufu: 'yan'uwansa suka jefa shi a rami, suka sayar da shi, matar Fotifar ta yi masa ƙazafi, ya sha kurkuku, ƙarshe sai ga shi yana mulkin Masar ƙarƙashin Fir'auna. A Farawa 50:20 shi da bakinsa ya ce sun nufe shi da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri.

Ɗanjuma, Jos: Baba, ban ƙi taka ba, amma malalata sun mai da ita matashin kai. Yaro bai buɗe littafi ba, jarrabawa gobe, sai ya ce sai ya yi cara. Ni na fi son "Allah ya ce tashi in taimake ka."

Mama Saratu: Ɗanjuma, waccan ma ba aya ba ce, kada ka neme ta a Littafi Mai Tsarki. In aya kake so, ga Nehemiya 4:9: sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ni da nake kiwon kaji, ba na kwanciya sai na rufe akurki, addu'ata kuma ba ta ragu ba.

Markus, Mubi: Ku yi haƙuri, ni maganar tana yi mini nauyi. A watan Oktoba na 2014 da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi aka bari aka gudu. Mun tsira, wasu da suka fi mu riƙon addu'a ba su tsira ba. To su Allah bai nufe su da cara ba ne? Na ji an faɗi wannan karin magana a gidan makoki, matar mamacin ta tashi ta shige ɗaki.

Fasto Bulus: Ɗan'uwa Markus, Ubangiji ya ƙara ta'azantar da ku. Wanda ya faɗe ta a gidan makoki bai kyauta ba. Amma kuskuren namu ne da muka ɗauka cara ita ce tsawon rai ko dukiya. Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18). Istifanus kuma jifansa aka yi har ya mutu, amma sai da ya gama ba da shaidarsa, Shawulu, wanda daga baya ya zama Manzo Bulus, yana tsaye yana ji. Ni a wurina ya yi cara.

Markus, Mubi: Na ji, Fasto. Zan iya faɗa wa kaina ita. Ba zan faɗa wa gwauruwa ba.

Rifkatu, Kafanchan: To mai jinya fa, Baba? Ita ce asalin tambayata.

Baba Iliya, Wusasa: Ki faɗa mata, 'yata, in kin ga tana da ƙarfin ji. Sai dai ki fara tambayarta ko an samu kuɗin magani.