Fenti yana cinye min jikin jirgin Spitfire, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu haɗa ƙananan jirage. Daga Birnin Kebbi nake. Na ƙera samfurin Spitfire Mk IX (jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu) mai tashi da rimot, da farin soson da ake naɗe firji da shi, a ma'aunin 1 cikin 10, faɗin fukafukai kusan santimita 112. Ba fenti yana tashi lafiya lau.

Launin da sojin saman Birtaniya suka yi amfani da shi a watan Yunin 1944 nake so: kore mai duhu da ruwan toka a sama, toka mai haske a ƙasa, sai zanen fari da baƙi guda biyar a kowane fiffike. A jirgin asali kowane zane inci 18 ne, ke nan kusan santimita 4.6 a nawa.

Da na fesa fentin gwangwani, nan take sinadarin ya narkar da soson, fiffike ya yi ramuka. Na koma fentin ruwa, bai ci soson ba, amma da na ɗaye salatif na takarda sai koren ya biyo shi, ga zafin garin nan yana busar da shi kafin buroshi ya wuce. Na shafa gam ɗin kafinta kafin fenti, fenti ya zauna, sai dai wutsiya ta yi nauyi, jirgin yana ɗaga hanci yana faɗowa. Wannan ya fi komai ci min rai.

Me zan shafa wa soson kafin fenti, marar nauyi, wanda ake samu a kasuwar Birnin Kebbi ko Sakkwato? Na gode.